A zauna da mai kula da laburare kafin a buɗe sabon fanni

Tun da aka kafa Jami'ar Dosso a 2014, tare da na Agadez, Diffa da Tillaberi, ba dole ba ne yaron Zabori da ya ci jarrabawar bak ya nufi Yamai. Alheri ne babba, kuma duk lokacin da aka sanar da sabon fanni mukan yi murna. Amma ni da nake koyar da yaran nan, abin da nake son ji kafin kowace sanarwa shi ne ko an zauna da mai kula da laburare.

Aikinsa a nan ba ƙarami ba ne. Zai karɓi jerin darussan shekara uku na lisansi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya: wane littafi malami zai dogara da shi, guda nawa ke kan kanta, yaushe aka buga shi, ɗalibai nawa za su yi rububinsa a makon jarrabawa. Littafin lissafi kan yi shekara 20 bai tsufa ba. Na kwamfuta da sadarwa kuwa, inda Dosso ta fi ba da ƙarfi, 'yan shekaru kaɗan ya zama tsohon yayi. Ga kuma harshe: yawancin mujallun kimiyya da Ingilishi suke fitowa, yaranmu da Faransanci suka yi karatu.

A Najeriya, hukumar kula da jami'o'i, NUC, ba ta amincewa da sabon kwas sai ta tura masu duba malamai, ɗakunan gwaji da laburare. Wannan matakin nake so mu riƙe da hannu biyu.

Za a ce ai intanet ta wadatar. Gaskiya ne shirin Research4Life, wanda ya samo asali daga shirin Hinari a 2002, yana buɗe wa jami'o'in ƙasashe irin Nijar dubban mujallu kyauta. Sai dai dole jami'a ta yi rajista, a koya wa ɗalibi yadda zai nemo abin da yake so, kuma a samu wuta. Ba mu manta da Agustan 2023 ba, da Najeriya ta katse mana lantarki. Don haka kuɗin farantan hasken rana na laburare ma su shiga lissafi.

Manomin da ya sayar da rakensa ya tura ɗansa jami'a yana da haƙƙi a kanmu. A haɗa rahoton laburare, da kuɗinsa a sefa, cikin takardar neman kowane sabon fanni. In kayan ba su kai ba, a ɗage buɗewar zuwa baɗi.