Jami'o'in Zamfara da Bashin Makaɗan Ƙasarsu

Waƙar da mutum ya saurara a shekarun karatunsa na jami'a takan bi shi har tsufa. A lokacin ne yake rabuwa da gida, ya haɗu da abokai daga garuruwa daban-daban, ya fara zaɓar wa kansa abin da zai ji. A yau, abin da ke tashi daga wayoyin ɗalibai a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, ko makarantar koyon aikin lafiya ta Tsafe, sananne ne: Hamisu Breaker da Umar M. Shareef da Nura M. Inuwa da Ado Gwanja, sai kuma Burna Boy da Davido da Wizkid daga Kudu. Wannan ba abin zargi ba ne, kowane zamani da kiɗansa. Abin da nake ganin ya cancanci magana shi ne waƙoƙin da babu su a cikin wayoyin. Saurayin da ya taso a Kekun Waje ta ƙaramar hukumar Bunguɗu zai iya gama digirinsa a Gusau bai taɓa jin muryar Salihu Jankiɗi ba, alhali Jankiɗi haifaffen Rawayya ne, a ƙasar Bunguɗun, kuma ya riƙe sarautar Sarkin Taushin Sarkin Musulmi. Laifin wannan giɓi yana wuyan makarantun, domin su ne ke da hali da alhakin cike shi.

Ƙasar Zamfara da makwabtanta sun fitar da makaɗan da duk mai nazarin Hausa yake cire wa hula. Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya tashi daga yankin Bakura da Maradun ya kai kotsonsa fadojin Arewa, ya waƙe Sardauna Ahmadu Bello da Sarkin Daura Muhammadu Bashar. Sa'idu Faru ya yi zamaninsa yana waƙar Muhammadu Macciɗo tun yana Sarkin Kudu. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, ya bar Bakandamiyar da har yau malamai ke warware azancinta a aji. Ga Ƙassu Zurmi a waƙar maza, ga Sani Sabulu na Kanoma, ga Ibrahim Gurso na Mafara. A cikin waƙoƙinsu akwai jerin sarakuna da tarihin garuruwa, akwai sunayen dawaki da kayan yaƙi da na noma, akwai kuma karin harshen Zamfarci da Sakkwatanci da Gobiranci wanda Hausar rediyo da ta fim ke shafewa a hankali. Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero ya shafe shekaru yana tattara tarihinsu a littattafai irin su Makaɗa da Mawaƙan Hausa, Farfesa Aliyu Muhammad Bunza kuma ya rubuta littafi sukutum a kan Narambaɗa. Amma waƙa aba ce ta ji, kuma littafi ba ya fitar da sautin taushi.

Matsalar ta samuwa ce. Waƙar Breaker tana zuwa wa ɗalibi ko bai nema ba: a TikTok, a Keke Napep, a wurin biki, a rumfar masu tura waƙoƙi a waya. Waƙar Jankiɗi kuwa sai wanda ya san ta ya nema, kuma in ya samu, sau da yawa kwafi ne da aka ɗauko daga tsohon kaset, sauti ya dushe, babu sunan wanda aka yi wa waƙar, babu shekara, babu bayanin kalmomi. Ainihin faya-fayan suna warwatse a ɗakunan ajiya na gidajen rediyo irin su Rediyon Tarayya na Kaduna da Rima Rediyo na Sakkwato, da hannun iyalan makaɗan, da akwatunan tsofaffin masu sayar da kaset. Zaren kaset kuwa zafi da ƙura suna cin sa. Wanda bai taɓa ɗanɗana zuma ba, ba a ce masa ya ƙi ta. Saboda haka hukuncin da ake yanke wa matasa cewa sun juya wa al'ada baya, hukunci ne da aka yi shi ba tare da an ba su zaɓi ba.

Za a ce sha'awa ba a tilasta ta, kuma gaskiya ne. Babu mai neman a hana ɗalibi Davido. Sai dai a duba yadda waɗanda suka yi fice a duniya suka yi da nasu gadon. Burna Boy, wanda ya ci kyautar Grammy a 2021, ya gina kiɗansa a kan tubalin Fela Kuti, kuma kakansa Benson Idonije ya taɓa zama manajan Fela. Ali Farka Touré na Mali da ƙungiyar Tinariwen ta Abzinawa sun ci irin wannan kyauta da kiɗan da ya fito daga garuruwansu. A gida ma, Aminu Ala da Naziru Sarkin Waƙa sun nuna cewa salon fada yana shiga situdiyo ya fito da ƙarfinsa, matasa kuma su karɓa. Mawaƙin gobe yana cikin ɗaliban yau, kuma abin da ya cika kunnensa da shi, da shi zai yi aiki.

Wasu za su ce waƙar fada roƙo ce da bambaɗanci, ba ta da abin koya wa mai digiri. Lallai akwai yabo a cikinta, akwai neman doki da riga. Amma a cikin yabon ne makaɗi ke gaya wa sarki abin da ake jira daga gare shi na adalci da haƙuri da riƙon talakawa, kuma da zambo da habaici yake faɗin abin da bafade ba zai iya furtawa ba. Jami'a wuri ne na tace irin wannan, a ware tarihi daga kambamawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta fahimci haka tun 1988, lokacin da ta ba Mamman Shata digirin girmamawa. Game da addini kuwa, a jihar da ta ƙaddamar da shari'a a 1999 dole a girmama ra'ayin wanda ya zaɓi ƙaurace wa kiɗa. Taskar sauti ta waɗannan waƙoƙi ba ta tilasta wa kowa sauraro, kuma ko a ma'aunin tarbiyya, waƙar noma ko ta tarihin masarauta ta fi kusa da abin da iyaye ke so a kan wani abin da ke yawo a wayoyi yanzu.

Hujja mafi nauyi ita ce ta tsaro. A watan Satumba na 2023 'yan bindiga sun sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, kuma hanyoyin Tsafe da Bunguɗu sun sha ganin tashin hankali. Mai hankali zai ce a fara da katanga da jami'an tsaro, kuma na yarda. Sai dai rashin tsaron shi ne ya sa aikin tattara waƙoƙin ya zama na gaggawa. Duk ƙauyen da ya watse, yakan watse da 'yan amshinsa da masassaƙan kotsonsa da tsofaffin da suka haddace waƙoƙin. Kuɗin aikin kuma bai kai na gina aji ɗaya ba: na'urar ɗaukar sauti, kwamfuta, da ɗalibai masu neman batun kundin kammala karatu.

Jami'ar Gusau an kafa ta a 2013, ta jiha da ke Talata Mafara kuma a 2018, don haka dukansu suna kan shimfiɗa al'adunsu ne. Ina kira ga shugabanninsu da malaman Hausa da ke cikinsu su haɗa hannu da gidajen rediyo da masarautu da iyalan makaɗa, su tattara faya-fayan, su mayar da su zuwa kwamfuta da cikakken bayani, su sa su inda ɗalibi zai sauke a wayarsa, tare da kiyaye haƙƙin magada. Ƙungiyoyin ɗaliban Hausa kuma su riƙa gayyatar makaɗan da suka rage da rai zuwa bukukuwan al'adunsu, a biya su kamar yadda ake biyan duk wani baƙon malami. In an yi haka ɗalibi ya ji duka biyun ya zaɓi Breaker, ya yi zaɓinsa da sani, makaranta kuma ta sauke nauyin da ke kanta.