Hadda kaɗai ba ta jinyar marar lafiya

Kwanan baya wani ɗan kasuwa mai fataucin wake tsakanin Maraɗi da Jibiya ya same mu a gidan rediyo ransa a ɓace. Ƴarsa, wadda ya sa a wata makarantar koyon aikin jinya, ta faɗi jarrabawa karo na biyu. Ya ce mana: "Malam, yarinyar nan kwana take kan littafi, in ka tambaye ta sunayen ƙasusuwan jikin mutum sai ta zubo maka su kamar ruwa. To me kuma suke so? Ni dai na yanke shawarar ta dawo gida ta kama mini shago." Mun roƙe shi ya dakata, kuma dalilin wannan roƙo shi ne muke so mu baje a gabanku yau, domin mun san ba shi kaɗai ba ne. Daga Ƙonni zuwa Magarya, ƴan kasuwa da dama sun zuba jarinsu a karatun ƴaƴansu, wasu a makarantun gwamnati na Yamai da Damagaram, wasu a masu zaman kansu, wasu kuma a ƙetaren iyaka, Katsina ko Sakkwato.

Ra'ayinmu shi ne, yawancin yaran da ke faɗuwa irin wannan jarrabawa ba daƙiƙai ba ne. Tun daga firamare an saba musu da hanya guda: malami ya rubuta a allo, su kwafa, su haddace, ranar jarrabawa su mayar masa da kayansa. Sai ga shi a makarantar jinya an zo da wata irin tambaya wadda ba ta neman abin da ka haddace, tana neman abin da za ka yi.

Ga misali. Ana cikin damina, kai kaɗai ne a asibitin ƙauye, sai mutum huɗu suka iso lokaci guda: dattijo da ya zo karɓar maganin hawan jini, saurayi da fartanya ta yanke shi a ƙafa amma jinin ya tsaya, yaro ɗan shekara 3 mai zazzaɓi yana cin ƙosai a cinyar uwarsa, da jariri ɗan wata 8 wanda ya kasa shan nono, yana numfashi sau 60 a minti, ƙasan ƙirjinsa na lotsawa. Wa za ka fara gani? Dukansu marasa lafiya ne, dukansu suna da haƙƙi a kanka. Amma ɗalibin da ya san cewa numfashi sau 50 ko fiye a minti ya yi yawa ga ɗan wata 2 zuwa 11, kuma kasa shan nono alama ce ta haɗari, zai gane cewa jaririn nan ne ba zai iya jira ba. Lambar 50 hadda ce. Zaɓen jaririn a cikin mutum huɗu kuwa, wannan shi ne auna magana da hankali.

To jama'a, wane ne ya fi ɗan kasuwa sanin wannan aiki? Mai sayen wake ba ya tsayawa ga abin da ya gani a bakin buhu, sai ya zura hannu har ƙasa ya ga ko ƙwari sun ci. Mai sayen sa a kara yana buɗe bakinsa ya duba haƙora, ba ya ɗaukar maganar dillali. Mai canjin Naira da Sefa yana ɗaga takarda ya haska, ya murza, kafin ya ƙirga. In mota ta lalace a hanya da tumatir da gero a ciki, babu wanda zai gaya maka kayan da za ka fara saukewa. Ba ku yin cinikin biri a sama. Abin da ake nema daga ƴaƴanku a ɗakin jarrabawa ke nan, illa dai a can ran mutum ne a kan sikeli.

Mun zanta da wasu tsofaffin ma'aikatan jinya da muke gayyata a shirinmu na kiwon lafiya, kuma shawarwarinsu sun zo kusan ɗaya.

Na farko, ɗalibi ya riƙe jerin abin da ke saurin kashe mutum: hanyar iska, sannan numfashi, sannan jini. Sau da yawa amsoshi huɗun da aka jera duk daidai ne, ana so ne a ga wadda za ka sa a gaba. Mace ta haihu, jini ya kai rabin lita yana ci gaba da zuba, mahaifa ta saki. Rubuta rahoto daidai ne, sanar da dangi daidai ne, amma wanda ya fara da su ya bar mai jego a bakin kabari. Kiran taimako da murza mahaifa ta saman ciki su ne a gaba.

Na biyu, a karanta tambaya da natsuwa. Yaranmu da Hausa suke tunani, da Faransanci ko Ingilishi ake tambayarsu. Ƴar ƙaramar kalma mai nufin "ban da" ko "da farko" tana juya tambaya gaba ɗaya, mai gaggawa kuma sai ya tsallake ta. Ɗalibi ya rufe amsoshin da tafin hannu, ya mayar da tambayar cikin Hausa a zuciyarsa, ya ba da tasa amsa, sannan ya buɗe ya duba.

Na uku, a daina jefar da takardar da aka faɗi. Ɗan kasuwar kirki yana da littafin bashi. Ɗalibi ma ya buɗe littafin kuskure. Kowace tambaya da ya sha ƙasa a kanta ya rubuta dalili: ban san darasin ba, ko ban karanta da kyau ba, ko na zaɓi daidai amma ba ita ce ta farko ba. Bayan wata guda zai ga ramin da yake yawan faɗawa. Maganin rashin sani daban, maganin gaggawa daban.

Na huɗu, maimaita karanta littafi sau goma yana ruɗin mutum, ya ji kamar ya iya. A rufe littafin a gwada kai. Ɗalibai uku ko huɗu su zauna, ɗaya ya ƙirƙiro marar lafiya, sauran su faɗi abin da za su yi, kowa kuma ya kare amsarsa. Wanda ya iya bayyana wa kakarsa da Hausa dalilin da ya sa ake gwada jinin yaro kafin a ba shi maganin zazzaɓin cizon sauro, ko dalilin da ya sa damtsen yaro in ya gaza milimita 115 ake cewa tamowa ta yi tsanani, to wannan ya fahimta.

Na biyar, lokacin koyon aiki a asibiti kada ɗalibi ya zama ɗan aike kawai. Duk abin da ya ga an yi, ya nemi lokacin da ya dace ya tambayi dalili. Matambayi ba ya ɓata.

Wani zai ce laifin na makarantu ne, tun da wasu malaman shifta kawai suke yi shekara guda, ranar jarrabawa kuma su tambayi abin da ba su koyar ba. Wannan magana akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Uban da ya biya kuɗi yana da ikon zuwa ya tambayi hukumar makaranta: sau nawa kuke gwada yara da irin waɗannan tambayoyi kafin babbar jarrabawa? Kuna zama da wanda ya faɗi ku nuna masa kuskurensa? Ba ku karɓar kaya ba tare da kun duba ba, kada ku karɓi karatu haka.

Wani kuma zai ce maimaita shekara kuɗi ne, kasuwa kuwa ba ta gama farfaɗowa ba daga rufe iyakar 2019 da ta 2023. Wannan ma gaskiya ne, ba mu raina shi ba. Amma akwai taimakon da ba ya cin ko dala. Yarinyar da ke tsaron shago har magariba, ta dawo ta ɗora tukunya, sannan ta buɗe littafi ƙarfe 11 na dare, hadda kawai za ta iya, domin tunani yana son kai mai hutu. A sauke mata aiki watanni biyu kafin jarrabawa, a sama mata fitila, a bar ta ta yi barci. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hanya ɗaya ce muke roƙon ku da ku guje mata: neman wanda za a ba wani abu ya gyara maki. A ƙasar nan asibitocin karkara da yawa ma'aikacin jinya ne shugabansu, babu likita kusa, babban asibiti kuma sai an yi tafiya. Tun da aka ayyana kula da yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta a 2006, wurinsa iyaye mata ke fara zuwa. Wanda ya sayi takarda yau, shi ne zai tsaya a gaban mutum huɗun nan gobe, kuma jaririn da ke jira yana iya zama jikanka. Jarrabawar da ta kayar da ƴarka ba gaba take yi da ita ba, tsaron ƙofar asibiti take yi saboda mu duka.

Shi dai mai waken nan ya amince ya ƙara wa ƴarsa shekara guda, ya kuma ɗauki yaron shago. Ba mu san yadda sakamako zai fito ba, wannan na Allah ne. Amma ya gaya mana cewa yanzu in sun zauna bayan isha'i, shi ne marar lafiya, ita ce malamar asibiti, kuma duk abin da ta ce za ta yi masa sai ya tambaye ta: don me? Ya ce tambayar da ya shekara talatin yana yi wa dillalai ce.

Allah ya ba ƴaƴanmu sa'a, ya sa albarka a kasuwanninmu.