A fara ba mu rigar kariya kafin a yi mana maganar shaƙatawa a ruwa

1/ Jiya a majalisarmu ta Ƙofar Gayan ƙanena ya nuna min bidiyo: wani Bature da matarsa sun yi hayar ɗan jirgin ruwa mai inji a Faransa, sati guda suna tafe a hankali, suna dafa shayinsu a ciki. Ya ce, "Yaya, mu yaushe?" Amsar ta yi tsawo, shi ya sa na mai da ita zare. Ku biyo ni 🧵

2/ Abin da ya fi burge shi shi ne inda jirgin ya hau tudu. Ba siddabaru ba ne. Wani ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga, a rufe bayansa, a sako ruwa daga sama har ɗakin ya cika, jirgin ya taso, a buɗe gaba ya wuce. In gangarowa zai yi, sai a zuƙe ruwan.

3/ Hanyar da ke bidiyon, Canal du Midi, tun 1681 aka buɗe ta. Don dakon kaya aka haƙa ta, yawon shaƙatawa daga baya ya zo.

4/ Kuma ba sai an je Faransa ba. Madatsar Kainji da aka gama a 1968 an gina ta da irin wannan ƙofar, don jiragen kaya su riƙa haurawa Kogin Kwara. Ta Jebba ma haka. Wato iyayenmu sun yi wannan tunanin tun kafin a haife mu.

5/ Mu Zazzagawa sai mu ce ina ruwanmu, mu da Galma da Kubanni kawai muka sani. To layin dogon da ya ratsa Zariya ya kai Kano a 1911, daga Baro ya taso, bakin Kwara. Dabarar Turawa ita ce kayan Arewa su sauka Baro a jirgin ƙasa, su hau na ruwa zuwa teku. Kogin nan ƙofarmu ce ta fita duniya.

6/ A 2009 marigayi 'Yar'aduwa ya ƙaddamar da yashe kogin daga Warri zuwa Baro. A Janairun 2019 Buhari ya buɗe tashar jiragen ruwa ta Baro. An yanka kintinkiri, an yi hoto. Amma simintinmu da takinmu har yau a bayan tirela suke zuwa, suna farfasa hanyar Kaduna.

7/ Wannan asarar kuɗi ce, ana iya jurewa. Ga wadda ba a jurewa.

8/ Mayun 2021, Warrah a Ngaski ta jihar Kebbi: jirgi ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse. Nuwamban shekarar, Bagwai a Kano: 'yan Islamiyya za su Mauludi, jirginsu ya kife a dam ɗin Watari. Yunin 2023, Patigi: fiye da mutum 100, daga biki suke dawowa. Oktoban 2024, Mokwa: Mauludi kuma, da dare kuma.

9/ Ku karanta labaran a jere, za ku ga kusan abu ɗaya ne. Lodi ya wuce kima. Tsohon jirgin katako. Tafiyar dare ba fitila. Kututture a ƙarƙashin ruwa, musamman a tafkin Kainji inda ruwa ya shanye daji da itatuwansa. Kuma babu rigar kariya a jikin kowa.

10/ Na taɓa tsallaka ruwa a wajen Yawuri ranar kasuwa. Mu, da buhunan gero, da babura biyu, da akuya. Tsakanin bakin jirgin da ruwa bai fi taƙi ɗaya ba. Wani yaro aikinsa kawai kwashe ruwa da ƙwarya. Na tambayi rigar kariya, aka kwashe da dariya, wani ya ce, "Malam, ɗan birni ne kai ko?" Wallahi na yi shiru na zauna. Kunya ta sa na sa raina a caca, ni da ko iyo ban iya ba.

11/ Na san za a ce ƙaddara. Na yi imani da ita. Amma wanda ya yi imani da ƙaddara shi ne dai yake kulle shagonsa da kwaɗo biyu in zai tafi gida. Me ya sa sai a kan ran talaka muke tuna tawakkali?

12/ Ban ɗora wa mai jirgi laifin duka ba. Mai ya yi tsada, in bai cika jirgi ba bai fita kuɗinsa ba. Fasinja kuma ba shi da zaɓi: wani wurin babu gada, wani wurin hanyar mota ta 'yan bindiga ce. Amma uzurin nan ba ya ciro yaro daga ruwa.

13/ Doka tana nan. NIWA, hukumar hanyoyin ruwa da ke Lokoja tun 1997, ta hana tafiyar dare, ta wajabta rigar kariya. Ana ma raba rigunan lokaci-lokaci. Abin da na fi so in gani shi ne mutum a tsaye a mashiga kullum, yana ƙirga kawuna, yana cewa jirgin nan ya cika. Kamar yadda 'yan yuniyan ba sa barin mota ta tashi a Kwangila sai sun karɓi nasu.

14/ Gwamnonin Neja, Kebbi, Sakkwato, Kwara: kuɗin jeri ɗaya na motocin rakiya zai sayi jiragen fasinja na zamani nawa?

15/ Ƙanena dai ya dage sai ya je bikin Rigata a Yawuri ya hau jirgi. Na ce ya je. Amma da rana, kuma da rigarsa a jaka, ni zan saya. Wa ya san inda ake sayar da mai kyau a Sabon Gari ko Kaduna? Ku ajiye min a ƙasa.