Mun Iya Tura Cigiya, Amma Mun Iya Nema?

A watan nan kaɗai, cigiya nawa ka gani a wayarka? Hoton yaro da kayan makaranta, a ƙasa an rubuta "don Allah a taya mu yaɗawa". Ka tura guruf uku, ka ɗora a sitatus, ka rubuta "Allah Ya bayyana", ka koma kallon bidiyon barkwanci. Ni ma haka nake yi, kuma ban ga laifin kowa ba. Sai dai wani abu ya faru a ƙauyenmu da daminar bara, wanda tun daga ranar na daina jin cewa na sauke nauyi don kawai na tura hoto.

Ina gida hutun makaranta, a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Gagarawa, lokacin gero ya fi mutum tsawo. Bayan la'asar aka nemi ɗan maƙwabcinmu, ɗan shekara huɗu, aka rasa. Uwar ta ɗauka yana wajen kakarsa, kakar ta ɗauka yana wajen uwar. Sai da aka kira magariba aka tabbatar ba ya ko'ina. Kafin isha'i gari ya fito kaf, masu tocila, masu babur, masu kuka. Wasu suka nufi kududdufi, wasu suka hau babur suka miƙi hanyar Gumel saboda wani ya ce ya ga baƙuwar mota. Ni kuwa, ɗalibin aikin jarida, na karɓi hoton yaron na watsa a Facebook da WhatsApp, har da lambar mahaifinsa.

Kwana muka yi muna nema. Da gari ya waye wata mata ta fita yankan ciyawar awaki, ta tarar da shi kwance a cikin kunyar gero, bai fi taku ɗari uku daga bayan gidansu ba. Sauro ya gama da shi, jikinsa ya yi zafi rau. Ashe ya ji ana kiransa, ya ga hasken tocila, amma ya yi lamo, don ya yar da sabon takalminsa yana tsoron duka. Mun wuce ta gefen gonar nan ya fi sau biyu, kowa na zaton wani ya riga ya duba. Wani dattijo mafarauci ya ce da an kira shi kafin jama'a su tattake bayan gidan, da sawun yaron a rairayi ya kai shi wurin tun kafin duhu. Cigiyar da na tura kuwa, abin da ta jawo shi ne wani ɗan damfara da ya kira uban ya ce yaron na hannunsu, a turo kuɗi, alhali yaron na tsakar gida yana shan koko.

Mun fi mutum ɗari a daren nan, kuma babu wanda bai fito da zuciya ɗaya ba. Abin da babu shi ne mutum ko ɗaya da ya san yadda ake neman wanda ya ɓace. Shi ya sa nake ganin lokaci ya yi da za a horar da matasa 'yan sa-kai a kan wannan aiki, a kowace mazaɓa ta Gagarawa, da sauran ƙasar Gumel baki ɗaya.

Kar wani ya ce ai wannan ƙaramar matsala ce. Ƙungiyar agaji ta Red Cross ta duniya ta yi rajistar sama da mutum 20,000 da iyalansu ke cigiya a Najeriya, adadin da ya fi na kowace ƙasa a Afirka, kuma fiye da rabinsu yara ne a lokacin da suka ɓace. Yawancin waɗannan rikicin arewa maso gabas ne ya raba su da gida. Namu na nan kala daban ne: yaron da ya shige gona, tsohon da gigin tsufa ya fitar da shi da asuba, mai taɓin hankali, almajirin da ya fita bara bai dawo tsangaya ba kuma ko hotonsa babu, da yaran da ke zuwa wanka kududdufi da damina.

Ko a manyan iftila'i ma, mutanen gari ne ke fara isa wurin. Ku tuna daren 15 ga Oktoba, 2024, da tankar mai ta yi bindiga a Majiya, cikin Taura maƙwabciyarmu, aka rasa sama da mutum 150, aka rarraba masu ƙuna a asibitocin Ringim da Haɗeja da sauransu. Ku tuna kwale-kwalen da ya kife a Bagwai ta jihar Kano ranar 30 ga Nuwamba, 2021, da ɗaliban Islamiyya a ciki, aka rasa aƙalla 29. Hukumar NEMA na nan tun 1999, SEMA ta jiha na Dutse, amma kafin motarsu ta iso ƙauye, sa'o'in da suka fi muhimmanci sun wuce. Wanda ke kusa shi ne mai ceto, ko ya iya ko bai iya ba. To me zai hana a koya masa?

Ga ɗan lissafi da zai nuna muku dalilin gaggawa. A ce mutum na tafiyar kilomita 3 a awa ɗaya, kuma ba a san inda ya dosa ba. Bayan awa ɗaya, filin da zai iya kasancewa a ciki ya kai murabba'in kilomita 28. Bayan awa biyu ya haura 110. Bayan awa huɗu ya haura 450. Wato duk lokacin da aka ninka jira, aikin nema ninkuwa yake sau huɗu. Wannan fa mai tafiya a ƙasa ke nan. Idan mota aka saka yaro, ku tuna Maigatari bakin iyaka ce da Nijar, ga kasuwarta ta ranar Alhamis da motoci ke shiga da fita ba adadi. Yara tara da aka sace a Kano, a Onitsha ta jihar Anambra aka gano su a 2019. Saboda haka maganar nan da ake yawan yi, wai sai an cika awa 24 kafin a kai rahoto, mu daina biye mata. Yaro ya ɓace, a sanar da mai unguwa da 'yan sanda nan take. In an same shi bayan minti goma, ai sai a yi hamdala, ba a yi asarar komai ba.

Wane irin horo nake nufi? Abubuwa ne da ake iya koyarwa a 'yan kwanaki, a ajin firamare.

Na farko shi ne shugabanci. Mutum ɗaya ya zauna wuri guda da littafi da biro da waya, kowa ya karɓi aiki daga wajensa, ya dawo ya faɗa masa abin da ya gani. Shi zai rubuta wa ya tafi ina, ƙarfe nawa, wace gona aka duba, wacce ba a duba ba. Da muna da wannan mutum ɗaya a darenmu, da yaron nan bai kwana a gona ba.

Sai tambayoyin farko. Wa ya gan shi ƙarshe, a ina, da wane lokaci? Wane kaya ne a jikinsa, wane takalmi? Yana da wata lalura? An yi masa faɗa? Ina ya saba zuwa? Wurin da aka gan shi ƙarshe kuma a killace shi, kar kowa ya taka sai masu bin sawu sun duba. Ƙasarmu jigawa ce, rairayi na riƙe sawu, amma iska da ƙafafun jama'a na shafe shi cikin ɗan lokaci.

Akwai kuma sanin halin wanda ake nema. Masu wannan aiki a duniya sun daɗe suna tattara bayanan inda ake samun mutane, kuma abin da suka lura shi ne ƙaramin yaro yawanci ba ya nisa, yakan shige wani lungu ya yi barci, kuma sau da yawa ba ya amsa kira. Shi ya sa ake fara bincike daga cikin gida: ƙarƙashin gado, rumbu, bayan ɗaki, rijiya, masai, sannan a faɗaɗa. Tsoho mai gigin tsufa kuwa yakan miƙe hanya ɗaya har sai wani abu ya tare shi, ko ya nufi inda ya yi zama a da. Idan gona za a duba, jeruwa ake yi a layi, kowa na ganin na kusa da shi, a tafi a hankali, a riƙa tsayawa ana yin shiru ana saurare. Mu ihu muka kwana muna yi, ko da yaron ya yi tari ba mai jin sa.

Sannan kare ran mai ceto. Sau nawa muka ji mutum ya faɗa rijiya, wani ya bi shi, shi ma bai fito ba? Tsohuwar rijiya kan rasa iskar shaƙa a ƙasanta, mai shiga ya sume tun kafin ya taɓa wanda ya je ɗaukowa. A ruwa ma, mai nutsewa riƙe duk wanda ya zo kusa yake yi. Wanda bai ƙware ba ya miƙa gora, ko ya jefa igiya, ko jarka maras komai da murfinta a rufe. Idan an fito da mutum ba ya numfashi, ƙwaƙwalwa na fara lalacewa cikin 'yan mintuna, don haka hura masa iska da danna ƙirji, abin da ma'aikatan lafiya da 'yan Red Cross ke koyarwa, shi ne taimakon da zai iya tsayar da rai kafin a kai asibiti.

Su wa za a horar? Ai muna da su. 'Yan agajin Jama'atu da na Izala da na Fityanu, da muke gani a filin idi da wajen wa'azi, sun riga sun san bin umarni. 'Yan sintiri sun san dare. Mafarauta da makiyaya sun san daji, kuma wanda ya iya bin sawun saniyar da aka sace zai iya bin sawun yaro. 'Yan acaɓa da 'yan kamasho sun san duk motar da ta tashi daga tasha. Mata ma dole a sa su, domin su ke shiga gidaje, su yara ke sakewa da su, kuma ku tuna mace ce ta ga yaron namu. Gagarawa na da mazaɓu goma. Mutum goma a kowace mazaɓa, ɗari ke nan. Kayan aikinsu tocila, usur, igiya, akwatin taimakon gaggawa da jerin lambobin waya. Kuɗin bai kai abin da ake kashewa a taron siyasa guda ɗaya ba.

Mu 'yan waya kuma namu aikin na nan, amma shi ma yana da ƙa'ida. A makaranta ana koya mana cewa labarin da babu rana da wuri da majiya ba labari ba ne. Cigiya ma haka. A sa hoto na kwanan nan, ranar da ya ɓace, garin, kayan jikinsa, da lambar wani wakili da iyali suka amince da shi, wanda ba zai ruɗe ba in 'yan damfara sun kira. Kafin ka tura, kira lambar ka tabbatar ba tsohon labari ba ne. In an ga mutum, ka koma duk inda ka tura ka sanar, ka goge hoton. Da yawanmu ba mu san cewa tun 2022 kamfanin Meta da rundunar 'yan sandan Najeriya sun ƙaddamar da tsarin AMBER Alert ba, wanda ke nuna cigiyar yaron da aka sace ga masu Facebook da Instagram da ke yankin da abin ya faru. 'Yan sanda ne ke tayar da shi, don haka in ba a kai musu rahoto ba, ba zai yi aiki ba.

Na san abin da wasu za su ce: "Malam, wannan aikin gwamnati ne." Haka ne, kuma ban ce a ɗauke mata ba. Ita za ta kawo masu horarwa, ta sayi kaya, ta sa ido. Amma uwar da ɗanta ya ɓace da magariba ba za ta jira a gama muhawara a kan wa ke da alhaki ba.

Wasu kuma za su ce ana tsoron kar a ƙirƙiro wasu 'yan ɗaukar doka a hannu. Wannan tsoron gaskiya ne. Ba mu manta da matafiya 16, yawancinsu mafarauta 'yan jihar Kano, da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 bisa zargin garkuwa da mutane ba. Abin da zato da taron fushi ke haifarwa ke nan. A darenmu ma, da waɗanda suka bi hanyar Gumel sun cimma wata baƙuwar mota, Allah kaɗai Ya san abin da zai faru da direban da bai ji ba bai gani ba. Shi ya sa dokar farko a horon ita ce: ɗan sa-kai nema yake yi, ba ya kama kowa, ba ya dukan kowa, ba ya bin masu bindiga. Da zarar alamu sun nuna sata ce ko garkuwa, magana ta koma hannun jami'an tsaro. Taron da ba shi da jagora ya fi saurin zama bala'i a kan tawagar da aka san sunayenta, take ƙarƙashin mai unguwa da ofishin 'yan sanda.

Kirana ga shugaban ƙaramar hukumar Gagarawa, da hakimai da dagatai, da masarautar Gumel, da SEMA, da reshen Red Cross na Jigawa, shi ne a zauna a fara da mazaɓa ɗaya kafin damina mai zuwa, a ga yadda za ta kaya. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Kai kuma ɗan uwa mai karatu, ga abin da za ka iya a makon nan ba tare da ka jira kowa ba. Ɗauki sabon hoton ƙannenka da kakanninka ka ajiye. Sa lambar mai unguwa, da ta ofishin 'yan sanda mafi kusa, da 112 a wayarka. In akwai tsangaya a unguwarku, taimaki malam ya rubuta sunayen almajiransa da garuruwansu da lambobin iyayensu. Sannan a majalisarku ta yamma, ka jefa tambayar nan: in yaro ya ɓace yau da daddare, wa zai riƙe littafi?

Yaron maƙwabcinmu yana nan, ya shiga makaranta, har yanzu ana tsokanarsa da maganar takalmi. Allah Ya bayyana duk waɗanda ake cigiya, Ya ba iyalansu haƙuri.