Hatimin Mai Gyara a Cikin Konsatina

Konsatina wata ƙaramar abar kiɗa ce ta Turawa mai kusurwa shida, da ake riƙewa tsakanin tafuka biyu. A tsakiyarta akwai zuga-zugi na fata irin na maƙera, a gefe da gefe kuma maɓallai. In aka ja aka matsa, iska ta bi ta kan wasu siraran harsunan ƙarfe, sai sauti ya fito. Charles Wheatstone ne ya ƙago ta a Landan, ya yi rajistar tushen fasahar a 1829, ya sake rajistar ingantacciyarta a 1844. A Jamus kuma Carl Friedrich Uhlig ya fito da tasa a garin Chemnitz a 1834. Da yake ba ta da nauyi, ma'aikatan jirgin ruwa sun yi yawo da ita har gaɓar Afirka, kuma a Afirka ta Kudu ta zauna daram a kiɗan Zulu da na Buwa. Abin da ya ja hankalinmu gare ta yau yana can cikin cikinta, inda mai sauraro ba ya gani.

Duk wanda ya kwance sukurorin tsohuwar konsatina ya ɗaga murfin, yakan tarar da rubutu a jikin katakon ciki. Wani lokaci lambar kamfani ce, wani lokaci kuwa hatimin roba ne da tawadarsa ta dusashe, ɗauke da sunan wani mutum, da lambar shago, da sunan titi. Wani ma da fensir ya rubuta ranar da ya yi aikin. Waɗannan su ne masu gyara. Abar kiɗan da ta shekara ɗari ba ta kai haka da ikon maƙerinta kaɗai: fatar zuga-zugi tana tsagewa, 'yan fatun da ke toshe iska suna bushewa, harsunan suna tsatsa su kauce wa murya. Hannu nawa ne suka taɓa ta kafin ta iso yau, sai wanda ya buɗe ya sani.

Masu kamfani ba su da matsalar tarihi. Littattafan cinikin Wheatstone suna ajiye a gidan tarihi na Horniman da ke Landan, an ɗauki hotonsu an ɗora a intanet, ta yadda mai riƙe da lambar konsatinarsa kan iya gano lokacin da ta fita daga shago, wani sa'in har da sunan mai saye. Mai gyara ba shi da wannan gata. Ɗan ɗaki ne a lungu, da benci, da magagari, da tukunyar manne. In ya mutu, magada su sayar da kayan aiki, shagon ya koma hannun mai sayar da taba. Abin da ya rage nasa a duniya shi ne hatiman da ya bubbuga cikin kayan mutane, suka warwatsu ƙasa-ƙasa.

Daga nan masu bincike ke farawa, kuma hanyarsu ta cancanci a tsaya a kanta. Suna ɗaukar adireshin da ke hatimi su gwada da kundin sunayen 'yan kasuwa da ake bugawa duk shekara, irin na Kelly, su ga shekarar da sunan ya bayyana a titin da shekarar da ya ɓace. Sai su koma ƙidayar jama'ar Ingila, wadda tun 1841 take rubuta sunan kowa da sana'arsa duk bayan shekara goma. Shi kansa fasalin adireshin yana magana. A 1857 aka raba Landan shiyya-shiyya ta gidan waya da haruffa, a 1917 aka ƙara wa haruffan lamba. Saboda haka hatimin da ke ɗauke da harafi da lamba tare ba zai girmi 1917 ba. Harsunan ma shaida ne. Tsofaffin konsatina da yawa an ɗaure su a murya mai tsayi, bayan taron Landan na 1939 da ya tsayar da ma'aunin murya ɗaya kuwa an yi ta goge su ana sauke su, kuma sawun magagari yana nan a jikin ƙarfen.

Misalin da ya fi shahara shi ne Charles Jeffries, wanda ya rasu a 1906. Yau konsatinar da ke ɗauke da sunansa tana cikin mafiya tsada, musamman wajen makaɗan Ailan. Amma babu littafin cinikinsa da ya tsira. Takardun hukuma sun fara nuna shi ne a matsayin mai yin buroshi, kuma da yawa cikin kayan farko da ya buga wa sunansa a gidan Crabb aka ƙera su. Da hatimai aka jera tarihinsa: wanda ke da suna kaɗai, wanda ya ƙara da adireshin titin Praed a unguwar Paddington, da na 'ya'yansa da suka ci gaba da sana'ar bayansa. In har mutumin da sunansa ya kai haka sai da aka tsinto shi ɗaya-ɗaya daga jikin katako, ina ga wanda bai taɓa wuce gyara ba?

Ba mu ce hatimi ba ya ruɗi ba. Mutum kan tashi daga shago ya ci gaba da buga tsohon hatimi shekaru, don ƙyashin kuɗin sabo. Hukuma kan sauya lambobin titi. Ɗa kan gaji sunan uba da hatiminsa, har a ɗauka mutum ɗaya ne ya yi aikin shekara sittin. Dillali kan buga nasa a kan abin da bai taɓa kwancewa ba, kuma inda suna ya yi tsada, mai ha'inci ba ya nisa. Hatimi ɗaya zato ne. Sai an tara goma, an gwada da takarda, sannan a buɗe baki.

To ga inda muka tsaya. Akwai masu sha'awar tsoffin kaya da ke ganin darajar abu ita ce ya koma kamar ranar da ya fito daga kamfani. Sai a kankare katako, a cire takardar da wani ya manna, a zubar da tsohon zuga-zugi da duk abin da aka rubuta a jikinsa. A ganinmu wannan ɓarna ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya. Abin da ya ruɓe dole a sauya shi, abar kiɗa don kiɗa aka yi ta. Amma ɗaukar hoton hatimi kafin a taɓa shi ba ya cin minti biyu, kuma ajiye guntun da aka cire a cikin akwatin ba ya cin ko sisi.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce a zangonninmu. Mun san yadda mai kwafar littafi da hannu ke rufe aikinsa da sunansa da na malaminsa da roƙon addu'a, kuma da irin waɗannan layuka na ƙarshe ne masana suka bi sawun malamai da ɗalibansu a rubuce-rubucen da aka tara a Jami'ar Gana da ke Legon. Da yawa cikin iyayenmu da suka sauka garuruwan nan da gyara suka ci abinci: agogo, rediyo, keken ɗinki, takalmi. Sunayensu ba sa cikin littafin wani kamfani. Masu gyaran agogo kuwa sun saba karta 'yar alama da kwanan wata a cikin murfin baya, don su gane aikinsu in ya dawo. Wanda ke da tsohon agogon mahaifinsa a adaka, kafin ya kai a goge shi ya yi ƙyalli, ya sa a buɗe masa murfin ya duba.