Littafin Makullai: Na Takarda Ko Na Cikin Waya?

A wannan mako za mu ɗan jingine maganar siyasa, mu duba wata tambaya da wani mai yankan makulli ya aiko mana daga unguwar Chaza ta garin Suleja. Ya ce ya tara ɗan abin da ya tara domin ya sayi littafin sana'arsa, watau The Complete Book of Locks and Locksmithing na Bill Phillips, wanda ya kai bugu na bakwai. To, sai ya tarar kamfanin McGraw-Hill yana sayar da shi iri biyu, na takarda da kuma wanda a ke saukewa a waya ko kwamfuta. Kuɗinsa kuwa na ɗaya ne. Wanne zai ɗauka?

Wani zai ce wannan ai ƙaramar magana ce. Amma wanda ya san Suleja ba zai faɗi haka ba. Tun da gwamnatin tarayya ta tare a Abuja cikin watan Disamba 1991, tsadar haya ta yi ta koro ƙananan ma'aikata zuwa Suleja da Madalla da kewayensu. Mutum ya kan rufe ɗakinsa da asuba, ba ya dawowa sai bayan isha'i, duk abin da ya mallaka kuwa yana bayan kwaɗo guda. Ɗan haya ya tashi, mai gida ya sake makulli. Direba ya yar da makullin mota, aikin yini ya tsaya. Wanda a ke nema a irin waɗannan lokuta shi ne mai teburin nan da ƙaramin inji da magagari da tarin makullai a rataye. In ya san aikinsa, ƙofa ta tsira. In bai sani ba, sai a koma ga guduma da kurfi, a yi asarar kwaɗo da ƙyaure gaba ɗaya.

A ganina, kafin a zaɓi bugu sai an fara rarrabe ilmin da ke cikin littafin, domin kuwa iri biyu ne a haɗe cikin bango ɗaya.

Na farko shi ne ilmin yadda makulli ya ke aiki, wannan kuwa ba ya tsufa. Yawancin kwaɗunan da a ke sayarwa a kasuwar IBB ta Suleja, da na ƙofofin gidajenmu, an ƙera su ne bisa tsarin da wani Ba'amurke mai suna Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a 1861 da 1865. A cikin kwaɗon akwai wani mulmulallen ƙarfe mai juyawa, a bisansa kuma ga jerin 'yan ƙananan ƙusoshi, galibi biyar ko shida, kowace a yanke biyu, da ɗan sifirin yana danne ta. Haƙoran makulli su ne ke ɗaga kowace ƙusa gwargwadon tsawonta, har mahaɗar ɓangarorin nan biyu ta zo daidai da bakin ƙarfen, sa'an nan ya juya. Haƙori ɗaya ya gaza ko ya zarce, ba inda za shi. Shekara ɗari da sittin ke nan, yadda abin ya ke a zamanin Yale haka ya ke a yau. Zanen da ya bayyana wannan, ko an buga shi tun kafin a haifi maigidan shago, bai yi ƙarya ba.

Irin wannan ilmi wurinsa takarda. Mai aiki hannunsa da baƙin mai da garin tagulla, ya kan so ya shimfiɗa littafi a gefen tebur, ya ɗora kwaɗon da ya kwance kusa da zanen, yana duba wannan yana duba wancan. Littafi ba ya neman caji ran da aka ɗauke wuta, ba ya neman data, wadda hukumar NCC ta amince a ƙara kuɗinta da kashi 50 cikin ɗari a watan Janairu 2025. Abin da ya fi duka muhimmanci a wurina shi ne yaran shago. Maigida ba zai bar wa yaronsa wayarsa ya tafi kasuwa ba, amma zai bar masa littafi. Ran da aka yaye yaron kuma, ana iya ba shi littafin ya tafi da shi tare da kayan aiki.

Akwai kuma batun mallaka, wanda mutanenmu ba su cika lura da shi ba. Wanda ya sayi littafin takarda, nasa ne, ya ara, ya sayar, ya bar wa magada. Wanda ya biya kuɗin na cikin waya kuwa, sau da yawa izinin karatu kaɗai ya saya. A 2009 kamfanin Amazon ya shiga na'urorin Kindle na mutane ya goge wasu littattafan George Orwell da suka biya kuɗinsu, ya mayar musu da kuɗin. A 2019 kamfanin Microsoft ya rufe kantinsa na littattafai, duk abin da jama'a suka saya a ciki ya daina buɗuwa, shi ma ya mayar da kuɗi. Ko a cikin wannan sana'a ta makullai akwai misali. Babban kundin nan na lauya Marc Weber Tobias, Locks, Safes and Security, an sake buga shi a shekarar 2000 cikin juzu'i biyu, shafi sama da 1,400, daga baya aka fitar da na kwamfuta a kan faya-fayan CD, har da hotunan bidiyo. Na takardan har gobe kowa ya ɗauka zai buɗe. Faya-fayan kuwa, yawancin kwamfutocin hannu na yanzu ko wurin saka su ba su da shi.

To, amma fa kada a ce na kashe bugun zamani. Ilmi na biyu nasa ne, ba gardama. Wannan shi ne jerin samfurin makullan da ba a yanka ba, da lambobin yanka, da bayanin makullan motoci. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 masu ƙera motoci suka soma dasa wata ƙwayar lantarki a cikin kan makulli, kuma daga 1998 ƙasashe irin su Jamus da Ingila suka wajabta na'urar hana tada mota a kowace sabuwar mota. Motocin nan su ne suka cika titunanmu da sunan 'yan Kwatano. Ka yanka haƙoran makulli daidai yadda ya kamata, ƙofa ta buɗe, amma inji ba zai tashi ba sai kwamfutar motar ta gane ƙwayar. Kowace shekara kuwa sababbin samfura na fitowa. Littafin da aka buga shekara goma da suka wuce bai san motar bara ba. Shi ya sa kamfanoni irin su Silca na Italiya su ke ajiye jerin samfuransu a intanet da manhajar waya, inda mutum zai rubuta sunan mota amsa ta fito nan take, maimakon ya kwana yana jujjuya shafuka.

Sai dai a sani, manhajojin lambobin yanka galibi haya a ke yi, kuma da kuɗin waje. Dala ɗaya da ta ke wajen naira 460 a farashin gwamnati a farkon watan Yuni 2023, ta haura naira 1,500 a watan Fabrairu 2024. Duk wanda ya ɗaura wa kansa biyan shekara-shekara a wancan lokaci ya ji a jikinsa. Saboda haka mai yankan makullin gida da na shago, wanda mota ba ta cika zuwa teburinsa ba, ba shi da dalilin ɗaukar wannan kaya tukuna.

Wasu dattawa na ƙyamar littafin ma baki ɗaya, wai yana koya wa ɓarayi sana'a. Wannan gardama tsohuwa ce. A 1851 wani Ba'amurke, Alfred Hobbs, ya buɗe kwaɗon kamfanin Bramah a birnin Landan, wanda aka daɗe ana alfahari ba mai iya buɗe shi, bayan aikin sa'a 51. Littafin da aka buga daga bayanansa a 1853 ya amsa wannan zargi da cewa ɓarayi sun riga sun san abin da a ke ɓoyewa, mai gida ne kaɗai a ke bari cikin duhu. Ɓarawon unguwa ma dai ba ya zama karatu, almakashin ƙarfe ya ke zuwa da shi. Duk da haka shi Tobias ya kasa bugunsa na kwamfuta kashi-kashi, na jama'a dabam, na masu sana'a dabam, na hukumomin gwamnati dabam, abin da ba shi yiwuwa da littafin da ke kan kanta.

Shawarata ga ɗan'uwanmu na Chaza ita ce ya sa kuɗinsa a na takarda, ko da wanda aka riga aka yi amfani da shi ne, ko bugu na shida, domin tsarin kwaɗo bai sake ba tsakanin bugu da bugu. Ya yi masa bango mai ƙarfi, ya ajiye shi cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ɗigar damina. Jerin samfura kuwa ya duba na kamfanoni a wayarsa. In wata rana aikin motoci ya yawaita har ya ga hayar manhaja za ta biya kanta, kafin ya miƙa ko kwabo ya tambayi mai sayarwa abu uku: ko tana aiki ba tare da intanet ba, ko ana iya maido ta in an sace waya, da kuma abin da zai rage a hannunsa ran da ya daina biya.