Waiwaye: Dirki, Alwali da Sarkin Sikotland

A Suleja an fi tuna ranar da aka rufe wa Muhammadu Makau ƙofar Zazzau yana filin Idi, ya yi kudu da jama'arsa, har ƙanensa Abu Ja ya kafa wannan gari a 1828. Amma kafin a kori Makau akwai wani sarki da ya zo Zazzau neman mafaka, wato Muhammadu Alwali na Kano, kuma labarinsa ya fi ɗaure kai.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Zaki Kanawa ke da wani abu da ake kira Dirki, ƙunshi ne na fatu, ana yanka masa shanu. Da Alwali ya hau a 1781, ga yunwa ta addabi ƙasa, fadawa suka nemi shanu arba'in don Dirki. Ya ƙi. Suka gargaɗe shi cewa duk sarkin da ya hana Dirki rabonsa ba zai wanye lafiya ba. Ransa ya ɓaci, ya tura samari da gatura suka farke fatun. Me aka tarar? Alƙur'ani. Shekara da shekaru ana zuba jini a kan abin da ke cikin jakar kowane malami, kuma masu tsaronsa sun san haka sarai. A 1807 mayaƙan jihadi suka kashe Alwali a Burumburum, mutane suka ce ai an faɗa masa.

An faɗa masa, gaskiya ne. Amma wa ya faɗa? Waɗanda naman shanun nan ke shiga tukunyarsu. Abin da ya ci Alwali kuwa a fili yake: yunwa, haraji, malamai da Fulani da suka juya masa baya, sannan kashin da ya sha a Ɗanyaya. Ko da ya yanka shanun, tutar Shehu ba za ta koma gida ba.

Duk wanda ya karanta wasan kwaikwayon Macbeth a makaranta zai ga kama. Mayu uku suka yi wa jarumin albishir da sarauta, suka ce zuriyar abokinsa Banquo ce za ta gaji gadon. Daga baya aka tabbatar masa ba ɗan da mace ta haifa da zai iya da shi, sai ga Macduff, wanda aka tsaga cikin uwarsa aka ciro. Malamanmu sun fi tsayawa a nan, kan yadda zancen boka ke da baki biyu.

Abin da ba a cika faɗa wa ɗalibai ba shi ne Shakespeare ya rubuta wasan ne wajejen 1606, lokacin Sarki James na Ingila, wanda gidansu ke cewa daga Banquo suka fito. Duban da mayun suka yi ya riga ya tabbata kafin a ɗora alƙalami, kuma mai gadon yana zaune a fada, shi ne ma uban gidan ƙungiyar masu wasan. Macbeth na ainihi kuwa ya mulki Sikotland daga 1040 zuwa 1057, har ya samu sukunin zuwa ziyara Rum a 1050, ya dawo ya tarar da gadonsa yana nan.